Makin Yaya da Ƙullin Ƙasa

Tun kafin a yi maganar tikiti, abu ɗaya ke cin raina: a gidanmu duk wanda ya fuskanci gabas ba ya dawowa. Kakan Inna ya baro ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar Hajji, ya zo Gadarif ya tsaya noman dawa don ya tara guzuri. Guzurin bai taɓa cika ba. Kabarinsa na nan bayan unguwarmu, bai kai ba, bai koma ba. Yayana kuwa ya kai, sau da yawa ma, sai dai a zuwan ƙarshe ciwo ya kwantar da shi a Jidda, aka binne shi can. Jakarsa da wayarsa kawai aka kawo mana. Yanzu ga ni, da yarinya 'yar ƙasa da shekara biyu a baya, ana ce mini in shirya in bi hanyar.

Bari in yi muku bayanin yadda matar mai saƙa angarib, gadon igiya, a kasuwar Gadarif ta sami hawa jirgin sama, don na san wasunku suna ta tambaya a ɓoye. Yaya yana aiki ne da wani ɗan kasuwar riɗi, shi ake aikawa Jidda ya ga masu saye. Ashe kamfanin jirgin, duk tafiyar da ka yi da su, suna tara maka maki, su suna kiransa amyal, in ya taru sai ka hau jirgi da shi maimakon kuɗi. Ranar da ya fara gaya mini dariya na yi. Na ce tafiyar da aka yi aka gama, ta yaya za a sake ɗaukarta a ba wani? Ya ce haka abin yake, kuma ya riga ya sa sunana da na maigidana cikin waɗanda za su iya ci, zai kai ni Umra in na yaye. Ban yaye ba ya rasu.

Wayarsa na wurina. Ina sa mata caji, ban san dalili ba. Bayan lokaci sai saƙo ya shigo daga kamfanin, da cikakken sunansa, ana gaishe shi, ana ce masa an kwana biyu ba a gan shi ba. Na ƙarshen ya ce makinsa zai mutu in ba a taɓa shi ba kafin sanyi ya wuce. Maki ma ashe mutuwa yake yi.

Abokin aikin Yaya ne ya zauna da maigidana ya tsara komai. Ya ce kada mu nufi azumi, lokacin ne ake cinye maki da yawa a kujera ɗaya; mu tafi bayan girbi, a tsakiyar mako. Ya ce mu yi sauri kafin yarinya ta cika biyu, don yanzu a cinya za ta zauna, abin da za a biya mata kaɗan ne. Haraji kuma maki ba ya biyansa, sai kuɗi a hannu, kuma tun da kudancin ƙasarmu ya rabu da mu kun san yadda kuɗin waje ya zama. Da aka juya aka juya, makin ya ɗauki zuwana da dawowata, ya ɗauki zuwan maigidana kaɗai. Shi zai dawo ta jirgin ruwa zuwa Sawakin. Malamin unguwa ya ce kyauta ce da aka yi da rai, halal ce. Zuciyata dai ba ta daina ce mini ragowar tafiyar mamaci zan hau ba.

Akwai abin da Inna ke yi, ta gada wurin habbobarta, wato kakarta. Duk wanda zai yi tafiya mai nisa, sai ta yayyafa ruwa a bakin ƙofa ya taka, ta kwashe ƙasar sawun ta ƙulle a tsumma, ta soke a jinkar ɗakinta. Ƙasar ce ke jawo mutum gida. In ya dawo sai ta kwance ta zuba inda ta ɗebo. Ta yi wa Yaya haka duk zuwansa. Ƙullin ƙarshe ne ya rage a jinka, babu ranar kwance shi. Inna ta ce tunda Allah ya buɗe hanya, in kai masa sawunsa inda yake kwance, ya huta, ita ma ta huta. Maigidana bidi'a yake kiran abin in muna mu biyu, amma gaban surukarsa bakinsa ba ya motsi.

Mun tashi da asuba, sanyi na cizon kunne, hayaƙin masu toya kisra, wainar dawar nan mai faɗi, bai fara tashi ba. Inna ta jiƙa bakin ƙofa. Na taka da dama, ta riƙe hannun yarinya ita ma ta taka kusa da nawa, ɗan sawu kamar ganyen zogale. Ta kwashe duka biyun wuri ɗaya, ta ƙulle a yankin tsohon tobinta na lulluɓi ruwan ɗorawa, wanda dama daga jikinsa take yagar na Yaya. Mai raksha, keken haya mai ƙafa uku, yana ta danna ƙaho a waje. Ba ta sami komawa ɗaki ba, ta cusa sabon ƙullin a ƙirjinta inda ta riga ta sa na Yaya, ta biyo mu tasha. A can ma sauri ne, yaron mota yana dukan jikin bas. Ta zaro ƙulli ta jefa a leda ta ɗaure ta miƙo ta taga. Ban yarda na daɗe riƙe da shi ba, na tura wa maigidana ya sa a jakarsa.

Hanyar Khartum mai tsawo ce, ga ta miƙe kamar an ja zare. An gama yankan riɗi, gonaki sun yi tsirara, baƙar ƙasarmu ta tsattsage har kana iya sa hannu a ciki. A bayan bas akwai 'yan aikin girbi da suka fito daga Fashaga, kowa da sabon bargo da rediyo, barci kawai suke yi baki buɗe. Direba ya sa wa'azi, da ya ga an yi shiru sai ya sauya ya sa fim ɗin kokawa. A shingen bincike wani soja ya ji ina lallashin yarinya da Hausa, ya tsaya a kanmu ya nemi takardu, ya daɗe yana kallon hoton yana kallona. Na ce masa da Larabci a Gadarif aka haife ni, a Gadarif aka haifi uwata. Ya miƙo mini takarduna ya wuce.

A Fau muka tsaya shan shayi a gindin duwatsun nan masu kama da raƙuma a durƙushe. Shayi da madara ya ninka abin da na sani, ƙwai dafaffe kuwa sai ka ce kazar ce gaba ɗaya za a ba ka. Mai shayin ta ga yarinya ta ce ina za mu, na ce Umra. Ta ce Allah ya dawo da mu. Ba ta ce Allah ya kai mu ba, dawowa ta roƙa, sai na ji kamar ta leƙa cikina.

Mun kwana wurin dangi a Khartum, washegari filin jirgi. Da jakarmu ta shiga injin duba kaya, ma'aikaci ya zaro ledar ya ɗaga ya ce mene ne wannan. Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce ƙasa ce. Mutumin ya latsa, ya shinshina, ya kira abokinsa, ya ce wai mutanen Gadarif tsoro suke kada su je Saudiyya su tarar babu ƙasa. Suka yi dariya suka mayar mana.

Jirgi ba abin da na zata ba ne. Ba gudu kake ji ba, sai wani gunji mara yankewa, kamar injin niƙa a gidan maƙwabta. Aka kawo abinci a ɗan faranti mai rufi, shinkafa cokali huɗu da gutsuren kaza, na ce wa maigidana ko abincin ma na masu maki daban ne. Ta taga na ga teku, ba motsi, ba jirgin ruwa, ba tsuntsu. Hanyar da kakan Inna ya mutu bai gama ba, mun cinye ta kafin yarinya ta farka daga barci ɗaya. Muna sauka na kunna wayar Yaya, don ita ce mai layin can. Saƙo ya shigo da sunansa: barka da dawowa.

Makka dai, 'yan uwa, ba ni da bakin faɗa. Na ga Ka'aba na manta da tsorona har na wani lokaci. Na yi ɗawafi da yarinya a baya, tana ta miƙa hannu ga tattabaru. A masauki mun haɗu da matan Kano da na Zinder, suka ji Hausata suka riƙe ciki, wai rabinta Larabci ne, wai ina cewa "yalla" kamar 'yar sanda. Ni ma na ce tasu rabinta Turanci ne. Muka ci tuwo tare a wani ɗan lungu inda wata tsohuwa ke sayarwa, da tsada, amma miyar kuka ce ta gaske.

A ɗaki na buɗe jakar maigidana neman sabulu, hannuna ya taɓa ledar. Na ɗago ta. Cikinta ya yi gumi, ɗigo-ɗigo a jikin leda, tsumman ya yi duhu. Ƙasar da ta shekara a jinka, a zafin Gadarif, me zai sa ta gumi? Na ce a raina ta ji ta kusa da mai ita. Na mayar, na wanke hannu, ban gaya wa kowa ba. Kowace safiya sai na leƙa, kowace safiya gumin na nan.

Ranar da za mu rabu, ni filin jirgi shi tashar jirgin ruwa, muka fara biyawa maƙabartar da abokin aikin Yaya ya kwatanta mana a Jidda. Hantsi ne, rana ta yi fari fat. Katanga ce doguwa, babu itace, babu mai talla, sai kyanwoyi ramammu a inuwar bango. A can mata ba sa shiga maƙabarta. Mai gadi ya nuna mini wani benci a waje. Maigidana ya ɗauki ledar ya shiga, na ga bayansa ta ƙofa yana ƙanƙancewa tsakanin layukan duwatsu marasa suna, har ya ɓace.

Sai wayar Yaya ta yi ƙara. Ba saƙo ba, kira. Tun rasuwarsa ba a taɓa kiran layin nan ba. A fuskar wayar sunan da shi ya ajiye ne da hannunsa: Inna.

Ba ta yi sallama ba. Muryarta ta yi ƙasa, kamar mai magana kusa da mara lafiya.

"'Yar nan, kun zuba?"

Na ce yanzu ya shiga.

"Ki tsayar da shi. Na wurina ne na yayanki. Yau na sauko da shi in yi muku addu'a, na ga baƙin zaren da na ɗaura masa ranar da aka kawo labari. Naku ne ke hannunku, ke da yarinyar."

A nan na gane gumin. Jiƙaƙƙiyar ƙasar asubar nan ce. Mun ɗauko abin da zai jawo mu gida mun taho da shi, kuma ga shi an shiga da shi inda ba a fitowa.

Na tashi kiran maigidana, sai na tuna wayarsa na cikin jakata, don layinsa ba ya aiki a can, ya bar mini ita. Na nufi ƙofa, mai gadi ya miƙe ya tare, ya ce haramun ne, hajiya. Na roƙe shi ya shiga ya kira mini shi. Ya ce wanne, ya nuna ciki, babu kowa a iya ganin ido. Ya ce in yi haƙuri, duk wanda ya shiga da ƙafarsa yana fitowa. Na tsaya riƙe da ƙarfen ƙofa, ya yi zafi ban ji ba. Yarinya ta sauko daga bayana ta tsaya tana kallon ciki, shiru, ita da ba ta iya tsayuwa wuri ɗaya.

Ya fito yana kakkaɓe hannu, tsumman a aljihunsa. Ya ce ba wanda ya san ainihin kabarin, an nuna masa layin ne kawai, ya zuba a bakin layin ya yi addu'a. Na gaya masa. Ya kalli yarinya. Sannan ya ce, "Ƙasa ce fa, baiwar Allah. Rai a hannun Allah yake, ba a tsumma ba." Na ce na sani. Na ce ya koma ya kwaso. Ya ce ta baje, ta shiga cikin ta wurin, wace zai kwaso, sawunmu ko na bayin Allah da ke kwance?

Na karɓi tsumman. A kusurwar da aka yi ƙulli akwai ɗan abin da ya maƙale, bai kai cikin cokalin shayi ba. Ban san nawa ba ne ko nata. Na ƙulle shi da kyau na sa a ƙirjina.

A filin jirgi ya raka mu har inda ake hana rakiya. Bai sake cewa bidi'a ba. Ya dafa kan yarinya ya daɗe yana karatu.

Jirgin dawowa cike yake, har ana rigima a kan wurin sa kaya, amma kujerar da ke gefena babu kowa. Na yi ta jiran mai ita har aka rufe ƙofa. Ina jin wani bawan Allah ne ya makara, haka hankali ya ce. Amma kujerar taga ce, kuma Yaya ya sha gaya mini shi kullum taga yake zaɓa. Yarinya ta ƙi barci. Aka ba ta biskit, ta gutsura, ta miƙa ragowar ga kujerar, ta riƙe hannunta a miƙe kamar yadda take yi wa mutum har sai ya karɓa. Ba ta san kawunta ba, tana jaririya ya tafi. Na janyo hannun, ta sake miƙawa.

A kan teku jirgi ya fara girgiza, kofuna suna rawa, wata tsohuwa a gaba tana salati da ƙarfi. Ni ban iya ɗaga murya ba. Hannu ɗaya na kan yarinya, ɗaya na kan ƙullin, ina cewa ya Allah in ƙasar nan ta mutum ɗaya ce, ka sa tata ce. Da muka zo kan Khartum kuma bai sauka ba. Ya yi ta zagaye, ina ganin kogi ya wuce, ya sake wucewa, ya sake wucewa, babu mai ce mana komai, kamar an zo ƙofar gida an rasa wanda zai buɗe. Da tayoyin suka daki ƙasa mutane suka tafa. Ni kuka na yi, mara sauti. Na duba kujerar gefe, biskit ɗin na kai, an ajiye shi daidai a tsakiya.

Daga Khartum zuwa gida ban ga hanya ba, ban san farashin komai ba, duk motar da ta taho ta gabanmu sai na runtse ido. Sai da na ga jinkunan Gadarif da la'asar, da ƙurar kasuwar hatsi, da jakunan ruwa, sannan na saki numfashi.

Inna na zaune a bakin ƙofa, a daidai wurin da ta kwashi ƙasa, har yanzu da ɗan rami. Maƙwabta suka ce tun ranar da ta yi waya nan take wuni, ta hana kowa takawa. Ba ta tashi ba sai da ta shafa ƙafar yarinya, ta shafa tawa. Na ba ta ɗan abin da ya rage, ta zuba a ramin. Bai ko rufe gindinsa ba.

Muna nan tsaye wayar Yaya ta yi motsi. Saƙon kamfani ne, da sunansa. Na karanta wa Inna a hankali, don Larabcin takarda yana ba ni wuya: an yi amfani da makinsa duka, babu saura, suna godiya da ya yi tafiya da su, suna fatan ya isa gida lafiya.

Inna ta ce in maimaita ƙarshen. Na maimaita. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin mai baƙin zare. Ta tsinke zaren da haƙori, ta zuba busasshiyar ƙasar a ramin, a kan tamu, ya cika daidai. Ta daddanna da tafin hannu.

"Sannu da hanya," ta ce. Ba mu take kallo ba.

Maigidana ya iso bayan kwanaki, ya rame, ya ce shi da jirgin ruwa har abada, ya yi amai tun daga Jidda har Sawakin. Ya ga bakin ƙofa a shafe, ya tsallake bai taka ba. Wayar Yaya kuma na daina sa mata caji.

Abin da na koyo, ga masu irin makin nan a gidajensu: kada ku bari ya mutu, ku sa sunan 'yan uwa tun mai shi na da rai, ku guji azumi, ku tanadi kuɗin haraji, mai goyo ta tafi kafin yaro ya cika biyu. Kuma duk abin da aka miƙo muku ta tagar mota, ku buɗe ku duba.

Mun dawo, alhamdu lillahi. Na san rai a hannun Allah yake. Amma ina kallon yarinyar nan tana gudu a tsakar gida, sai in tuna akwai ɗan sawunta a cikin waccan katangar, kusa da kawunta. Don haka ina roƙon duk wadda Allah ya kai Jidda a cikinku, in mota ta bi da ku ta gefen doguwar katanga mara itace, ki yi wa yayana addu'a. Sannan ki roƙa wa 'yata ta girma, ta ga jikokinta, ta tsufa a Gadarif, kafin ƙafarta ta tashi neman sawunta.